Italiyancin da ba a taɓa ji ba: da a ce Tuskani ta kafa gari a Giyana

A bakin tashar jiragen ruwa ta Livorno, a yammacin Italiya, akwai mutum-mutumin Ferdinando na Ɗaya, sarkin ƙasar Tuskani ta tsakiyar Italiya, ɗan gidan sarautar Medici. Yana tsaye a sama cikin farin dutse, a ƙarƙashin ƙafafunsa kuma ga fursunoni huɗu na tagulla ɗaure da sarƙa. Wannan sarkin ne a 1608 ya ɗauki wani matuƙin jirgi ɗan Ingila mai suna Robert Thornton, ya tura shi ya leƙo bakin kogin Amazon da gaɓar Giyana, ko za a sami wurin da Tuskani za ta kafa garinta a Kudancin Amurka. Thornton ya je lafiya ya dawo lafiya a 1609, sai ya tarar sarkin ya rasu tun watan Fabrairu. Ɗansa Cosimo na Biyu bai ga abin da zai kai shi dajin wata duniya ba, magana ta mutu a nan.

Masu wasan "da a ce" a tarihi suna son wannan mararraba ƙwarai. Da a ce Ferdinando ya ƙara shekara goma a duniya, jirgi na biyu ya tashi da iyalai da kayan noma, garin ya kafu ya rayu har yau, wane irin Italiyanci za a ji a kasuwarsa? Yawancin masu gwada amsawa sukan ɗauko Italiyancin littafi, su barbaɗa masa kalmomin 'yan asalin ƙasar kamar yaji a kan tsire, su gutsure ƙarshen wasu kalmomi, su ce ga karin harshen ya samu. A ganina sun kama abin ta wutsiya. Mutane ne ke hawa jirgi, kowa da abin da ke bakinsa, don haka sai an fara sanin su waye fasinjojin.

A nan ake fara cin karo da matsala, domin a wancan zamani Italiyanci harshen alƙalami ne. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa ko a 1861, shekarar da Italiya ta dunƙule ƙasa ɗaya, kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai na jama'arta ke iya magana da shi. Arrigo Castellani ya ce an matse lissafin, ya ɗaga shi zuwa kusan kashi 10. Ko wanne aka ɗauka, mutum tara cikin goma suna magana ne da harshen garinsu, kuma ɗan Sisili da ɗan Piemonte ba sa jin juna. Shekara ɗari biyu da hamsin kafin nan kuwa sai abin da ya yi gaba. Abin da ya sa labarin Thornton ya fi sauran daɗin wasa shi ne, Tuskani ce kaɗai ƙasar da bakin talakanta ya yi kusa da harshen littafi, tunda daga maganar Florence, babban birninta, ta ƙarni na 14 aka gina shi. A Florence ɗin aka kafa majalisar kula da harshe ta Crusca a 1583, ƙamus ɗinta na farko ya fito a 1612, shekara uku kacal bayan dawowar Thornton.

Sai dai jirgin daga Livorno zai tashi, kuma Livorno ta lokacin zango ce. Ferdinando da kansa ya fitar da dokoki a 1591 da 1593 yana gayyatar 'yan kasuwa na kowace ƙasa da kowane addini su zo su zauna, har da masu gudun bashi da masu laifi a wasu wurare. Girkawa suka zo, da mutanen Kosika da Jenowa, da 'yan Ingila da 'yan Holan, da Armeniyawa, da Yahudawan da aka kora daga Sifaniya da Fotugal, waɗanda daga baya suka samar da karin harshensu na garin mai suna Bagitto. Ga kuma bayi Musulmi daga Arewacin Afirka da ƙasashen Turkawa da ke tuƙa jiragen yaƙin sarki. A tashoshin Bahar Rum an riga an saba da wani harshen ciniki, Lingua Franca, wanda yawancin kalmominsa na Italiyanci ne amma an sauke masa nauyin nahawu. Manomin Tuskani mai gonar haya da kurangar inabi ba shi ne zai fara ba da sunansa ba. Matuƙa da sojojin haya da fursunoni da 'yan kasuwa ne za su cika jirgin.

Wannan ba hasashe ba ne zalla, domin an yi tafiyar a zahiri. Wajen 1660 wani Bayahude mai suna David Nassy ya kafa matsuguni a Cayenne, a gaɓar Giyana, ƙarƙashin tutar Holan, daidai yankin da Thornton ya leƙa, kuma Yahudawan Livorno na cikin waɗanda suka nufi can. Da Faransawa suka karɓe wurin a 1664, jama'ar suka koma Suriname. Harshen da al'ummar ta riƙe a gidajenta da gonakinta Fotugisanci ne. Waɗannan mutanen Livorno da suka tasam ma Giyana don zama, ke nan, wani harshe daban suka ɗauko a baki.

Don a san abin da ke sa karin harshe ya rayu a ƙetare, gara a duba inda aka yi abin da gaske. A shekarun 1540 masunta daga Pegli, kusa da Jenowa, suka sauka a tsibirin Tabarka na gaɓar Tunisiya don tsinto murjani. Sun yi kusan shekara ɗari biyu a can, sannan a 1738 wasunsu suka ƙaura zuwa wani ƙaramin tsibiri a kudancin Sardiniya suka kafa Carloforte. Har yau jikokinsu na magana da harshen Jenowa irin nasu, Tabarchino, suna kuma dafa wani kuskus da suke kira cascà. Zaman ƙarni biyu a tsakiyar Larabawa ya shiga tukunyarsu fiye da yadda ya shiga nahawunsu. A Meziko, ƙauyen Chipilo kusa da Puebla, wanda mutanen Segusino da kewayenta suka kafa a 1882, ya riƙe harshen yankinsu na Veneto, a arewa maso gabashin Italiya, ta wannan hanyar: gari ɗaya, sana'ar kiwon shanu ɗaya, aure a cikin gida.

A kudancin Birazil labarin ya fi girma. Daga 1875 aka riƙa sauke iyalai daga arewacin Italiya a tsaunukan Rio Grande do Sul, inda Caxias do Sul da Bento Gonçalves suke yanzu. Fiye da rabinsu 'yan Veneto ne, sauran daga Lombardiya da Trentino da Friuli. Gwamnati ta raba musu filaye bisa layi, ba ta duba wa ya fito daga ina ba, sai maƙwabci ya zama mai wani kari daban. 'Ya'yansu suka tashi suka narkar da kare-karen cikin tukunya ɗaya, na masu rinjaye ya fi fitowa, aka sami sabon kari mai suna Talian. Gwamnatin shugaban Birazil Getúlio Vargas ta hana magana da shi a bainar jama'a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bai mutu ba. A 2009 garin Serafina Corrêa ya ba shi matsayin harshen hukuma tare da Fotugisanci, a 2014 kuma gwamnatin tarayya ta amince da shi a matsayin gadon al'adun ƙasa.

Buenos Aires, babban birnin Ajantina, ta karɓi Italiyawa da suka ninka waɗannan sau da yawa, amma ba ta haifar da kari mai ɗorewa ba. Birni ne, yawancin masu zuwa maza ne 'yan ci-rani, Sifaniyanci ɗan'uwan harshensu ne na jini, makarantar gwamnati kuma na jiran yaransu. Gaurayen da iyayen suka yi, Cocoliche, ya bi su kabari, ya bar kalmomi irin su laburo, aiki, da chau ta sallama. Ita wannan ciao da duniya ta sani, asalinta kalmar mutanen Venice ce mai nufin "bawanka ne", gaisuwar ƙanƙan da kai da ta zama ta abokai. A Asmara ta Eritiriya kuma, inda ƙidayar 1939 ta nuna Italiyawa sun haura rabin mazauna birnin, zaman bai yi tsawon da zai haifar da sabon kari a bakinsu ba. Abin da ya fito shi ne sauƙaƙƙen Italiyanci tsakanin maigida da ma'aikaci, mai amfani da aikatau ɗanye ba tare da sarrafa shi ba, da ararrun kalmomi da suka zauna: makina, mota a Amharanci, baasto, taliya a Somaliyanci.

Idan aka jera waɗannan, abin da ke yanke hukunci ya fito fili: ko akwai mata da yara tun farko, ko garin a keɓe yake, ko harshen maƙwabta ya yi kusa har a zame cikinsa ba a sani ba, da kuma wa ya fi yawa a shekaru talatin na farko. Masanin harshe ɗan Kwango Salikoko Mufwene ya yi bayanin cewa waɗanda suka fara kafa gari su ke aza harsashin harshensa, domin duk wanda ya zo daga baya yaransa bakin yaran unguwa za su ɗauka.

To, mu ba garin namu sa'a. Mu ce an sami iyalai ɗari biyu ko uku, mafi yawansu daga Pisa da Livorno da ƙauyukan kewaye. Abu na farko da kunne zai kama shi ne abin da ake kira gorgia, wato yadda mutanen Tuskani ke sassauta "k" idan ta faɗo tsakanin wasula biyu ta koma "h". Gida casa ne, ana furta shi kasa, amma da an sa masa la a gaba sai ka ji la hasa. An riga an lura da wannan ɗabi'a tun ƙarni na 16, a yankin Pisa da Livorno ma sautin kan ɓace ɗungurungum. A Italiya makaranta da rubutu suna ja wa wannan furuci linzami. A ƙetaren teku, inda limamin coci ɗaya ne mai karatu, ba mai ja.

Shadda kuwa ina ganin za ta daɗe a bakin waɗannan iyalai. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tunda ya san tazarar da ke tsakanin baba da babba. Haka Italiyanci yake: nono na tara, nonno kaka namiji, casa gida, cassa akwati. Mutanen Veneto ba sa yin shadda, shi ya sa babu ita a Talian, amma mutanen Tuskani har ƙari suke yi, su ninka baƙin farkon kalma bayan wasu ƙananan kalmomi, "zuwa gida" ya zama a ccasa. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi: kalma ɗaya, fuska uku, kasa da hasa da kkasa, gwargwadon abin da ya gabace ta.

A nahawu, garin zai adana abubuwan da Italiya ta yau ke gani na tsofaffi ne ko na ƙauye. Uba zai zama babbo kamar yadda yake a Tuskani har gobe. Za a ce vo da fo a inda littafi ke cewa vado da faccio, ina tafiya, ina yi. Aikatau zai zubar da wutsiyarsa, andare ya zama andà, mangiare ya zama mangià. Kalmar nuni ta tsakiya, codesto, mai nufin abin da ke kusa da wanda ake yi wa magana, wadda ta kusa ɓacewa a wajen Tuskani sai a takardun ofis, za ta ci gaba da aiki a tsakar gida. Mu ma muna da irin wannan rabon a tsakanin "nan" ta wurina, "nan" ta wurinka, da "can". Sai kuma salon da na fi so, noi si va, wanda ake faɗa a madadin andiamo, mu tafi. Kai tsaye ma'anarsa "mu, a tafi", irin yadda mai gida zai ce "to, a tashi" alhali da shi za a tashi. Girmamawa kuma da voi za a yi ta, jam'i ga mutum ɗaya, kamar yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya?", domin lei da ta mamaye Italiyancin yau tana yawo ne a fadoji da wasiƙun manya a lokacin.

Kalmomin sababbin abubuwa su ne mafi sauƙin hasashe, shi ya sa ba zan daɗe a kansu ba. Rogo da abarba da ragayar kwana da kwalekwale sunayensu za su zo daga harsunan 'yan asalin ƙasar, Tupi da Karib da Arawak, sau da yawa ta bakin Fotugisawa da Sifaniyawa. Kayan zamani kuma daga maƙwabci mai ƙarfi za a aro su, kamar yadda Italiyawan New York suka mai da kalmomin Turanci na aiki da na shugaban aiki suka zama giobba da bosso.

Duk wannan hoton iyalai ɗari uku ne a cikin shinge, kuma a nan ne yawancin masu wasan ke kau da kai daga fursunonin nan huɗu na ƙarƙashin mutum-mutumin. Babu wani gari na Turawa a gaɓar Giyana da ya rayu da noman Turawa. Rake ne ya riƙe su, raken kuma bayi daga Afirka ne suka noma shi. Da Faransa ta gwada cika Kourou ta wannan gaɓa da fararen manoma a 1763 zuwa 1765, ta aika fiye da mutum dubu goma, zazzaɓi da yunwa suka kashe mafi yawansu. Garin Tuskani da ya kai shekara hamsin a raye zai zama garin da baƙaƙen fata suka ninka farare sau da yawa, manya ne da aka kwaso daga ƙasashen Gbe da Akan da Kwango, ba mai jin wani, ana ba su umarni cikin bakin Livorno.

Babban mutum da ke koyon harshe ta kunne, cikin wahala, ba ya rarrabe inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Mu shaida ne. Da kakanninmu suka ari kalmomin Larabci, sun haɗiye su tare da "al" ɗinsu: alƙali, alƙalami, albasa, har da waɗanda "a" ɗin ta faɗi, labari, lafiya, littafi. A Haiti haka aka yi wa Faransanci, ruwa ya zama dlo, titi lari, wata lalin, duk da ƙananan kalmomin gaba a manne. Yanzu a dawo ga gidan nan mai fuska uku. Wanda aka sauke jiya daga jirgi ba zai riƙe kasa da hasa da kkasa ba, zai kama wadda ya fi ji, tare da la ɗinta. A ƙirƙirata, gida a harshen gonakin rake lahasa ne, ruwa kuma lakwa, daga l'acqua. Shadda za ta faɗi, babbo ya koma babo. Aikatau zai tsaya a siffa ɗaya, andà da mangià, ƙananan kalmomi a gabansa su nuna lokaci. Bambancin namiji da mace a nahawu zai tafi, kamar yadda ya sassauta a Hausar zango ta Gana inda za ka ji an ce mace "ya zo", saboda yawancin masu magana da ita a bakin kasuwa suka koya. Jimlar da ɗan Tuskani zai faɗa noi si va a casa del babbo a mangià, mu je gidan baba mu ci abinci, a can za ta iya zama noi andà lahasa babo mangià.

Wace ƙabila ce ta fi yawa a jiragen farko, wannan ma zai bar tabo. A Berbice, cikin Guyana ta yau, inda 'yan Holan suka kafa gonaki a 1627, harshen da ya fito ya ɗauki ɗimbin kalmomin yau da kullum har da ɗafe-ɗafen nahawu daga harshen Ijo na gabashin Neja Delta. Masu magana da shi na ƙarshe sun rasu a farkon wannan ƙarni.

Saboda haka garin namu harshe biyu zai haifa, da matakala a tsakaninsu: karin iyalan Tuskani a sama, kiriyol na gonaki, wato sabon harshen da bayi suka gina daga na iyayengijinsu, a ƙasa, 'ya'yan masu gida kuma suna tashi a hannun masu reno da ke magana da na ƙasan. Idan aka tambaye ni wanne zai kai yau, na ƙasan zan zaɓa, kuma Suriname ce hujjata. 'Yan Ingila ne suka fara riƙe ta, daga wajen 1651 zuwa 1667 kawai. Holan ta karɓa ta riƙe har 1975, kusan shekara ɗari uku, in ban da 'yan shekarun da Ingila ta sake mamaye ta tsakanin 1799 da 1816. Amma harshen titi a Paramaribo babban birninta, Sranan Tongo, tushen kalmominsa Turanci ne na waɗancan shekaru goma sha shida. Tuskani ba ta da rundunar ruwan da za ta kare gari a ƙetaren Atlantika daga Faransa ko Holan, gidan Medici ma ya ƙare a 1737. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne wata ƙasa ta ƙwace garin, iyalan farare su watse ko su koma harshen sabon mai mulki, lahasa da lakwa su ci gaba a bakin jikokin bayi waɗanda ba su taɓa ganin Italiya ba.

Idan kuma aka matsa wa labarin, aka ce garin ya zauna a hannun Tuskani har Italiya ta gaje shi a 1861, to sai wata rigimar ta taso. Jiragen ƙaura na bayan 1875 za su sauke 'yan Veneto marasa shadda da 'yan Napoli da Kalabiriya masu nasu kare-karen, su tarar da wani tsohon Italiyanci da ya fi nasu kusa da littafi a bakin mutanen da ba su taɓa taka Turai ba. Malaman makaranta za su zo daga Roma, daga baya rediyo da talabijin, waɗanda su ne suka shigar da Italiyanci gidajen Italiya kanta bayan tashar gwamnati ta RAI ta fara watsa hotuna a 1954. Yaro zai rubuta lahasa a allo, malami ya ja jan biro ya raba ta biyu ya mai da ita la casa, yaron ya koma gida ya tarar kakarsa na cewa lahasa grande da un lahasa, domin a wurinta la ɗin nan ƙashin kalmar ce, kamar "al" ta albasa.